Tsohuwar Jif ta Zurmi da Koren Fenti

Zuwa ga ɗana Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Shinkafi lafiya, Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin masu tare ta, Ya sa aikin asibitin da ka samu ya zama alheri gare ka da marasa lafiyar da za ka duba. Na cusa takardar nan a ƙasan jakarka tun kafin ka bar Kaura. Ka karanta ta a zaune, ba a tsaye ba, kuma ka kai ƙarshenta.

Na zaɓi in rubuta ne saboda in na yi maka magana baki da baki katse ni kake yi da dariya, ka ce, "Inna, ke dai tsoro ya yi miki yawa." Takarda ba ta katsuwa.

Ƙanwarka Asma'u ta gaya mini abin da kake ɓoye mini. Ta ce akwai wata tsohuwar jif a Zurmi, irin mai ja da ƙafa huɗu, tana ajiye a wani gida an ɗora ta kan duwatsu, kuma ka ƙudurta za ka saye ta ka gyara ta da hannunka har ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ta nuna mini hotunan da ka tara a waya, na irinta da aka gyara a wasu ƙasashe, kowacce kore shar tana ƙyalli. Kada ka yi wa yarinya faɗa. Ni na matsa mata.

Na san hujjarka tun ba ka faɗa ba. Za ka ce da damina hanyar Galadi da ƙauyukan can ba ta biyuwa sai da babur, kuma ba a ɗora mace mai naƙuda a babur. Gaskiya ne. Za ka ce babanka ma irinta ya tuƙa. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa zan ba ka labarin motarsa daga farko. Kai abin da ka sani game da ita shi ne zama a gaba kusa da shi kana wasa da sitiyari. Ni na san sauran.

Lokacin da aka kawo wa babanku tallarta kana goye. Wani dillali ne mai suna Mamman ya zo da maganar, ya ce motar malaman gona ce ta da, ta sha hutu, ba abin da take buƙata sai direba. Babanku ya ce in zo mu gani tare, don a lokacin ni ce mai sakandare a gidan, in an kawo takarda ni ake miƙa wa. Muka je bayan tasha. Mun tarar an riga an tashe ta tana rugugi, an wanke ta, an shafe ta da farin fenti sabo, har ƙamshinsa bai fita ba. Na zagaya ta, na ji raina ya kwanta. Babanku ya ce shi dai a bari sai abokinsa Haruna bakanike ya dawo daga Gusau ya duba ta.

Mamman ya yi dariya ya ce, "Malam Sani, mi za a duba ga wagga mota? Ga wani Alhaji can daga Shinkafi, gobe da sahe zai aiko a tahi da ita. Hajiya, ke da kin yi boko, gaya mashi."

Ban je Makka ba a lokacin, amma da ya ce Hajiya sai kaina ya kumbura. Na ce wa babanku jinkiri ne zai sa mu rasa. Ya dube ni, ya saya. Babu wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta a cikinmu.

Daminar farko, a hanyar Kurya Madaro, da lodin gyaɗa a bayanta, shasi ya karye. Shasi shi ne ƙashin mota, ƙarfen da komai ke zaune a kansa. Da aka jawo ta gareji, Haruna ya sa yatsa a jikin ƙarfen sai ga shi yana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Tsatsa ta cinye shi tun da daɗewa, an cike ramukan an bi da baƙin fenti. Motar ta yi watanni wurin mai walda. A watannin nan na sayar da keken ɗinkina muka ci abinci.

To ka ji. In ka je Zurmi, kada ka tsaya kallon jikinta. Ka kwanta a ƙasa da rigarka, ka ɗauki guduma ka bubbuga shasin daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya amsawa yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a mace yake. Duk inda ka ga sabon fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota, an ɓoye wani abu ne a wurin. Kada ka yarda a tashe ta kafin ka iso. Ka taɓa injin da hannunka ka ji shi da sanyi, sannan a tayar a gabanka, ka ga irin hayaƙin da za ta fitar. Ka buɗe wurin baƙin mai, in ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga injin, ka kama hanyarka. Ka sa a shigar da ita cikin yashi, a ja ƙaramar giyar nan da ke sa ƙafafun huɗu su yi aiki, ka tsaya a gefe ka gani da idonka ko na gaba suna ja. Da yawa an cire musu ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba an sayar, sunan kawai ya rage. Kuma ka tafi da Haruna. Ya tsufa, amma har yanzu yana zuwa gareji, kuma ba zai ƙi ɗan Malam Sani ba. Bakaniken da dillali ya kawo maka, na dillali ne. In aka ce maka wani Alhaji zai ɗauke ta gobe, ka ce Allah Ya sanya masa alheri.

Ba mu gama da walda ba sai ga wata mata ta yi sallama a gidanmu, da yara biyu a bayanta, daga garin Ɗan Isa. Ta ce motar ta mijinta ce da ya rasu, ƙaninsa ne ya ba dillali ita tun ba a raba gado ba. Ni na karanta takardun motar ranar ciniki. Na ga sunan da ke ciki ba na mai sayarwa ba ne, na tambaya, aka ce ai ɗan'uwansa ne, na ce to. Sai da manya suka zauna, aka kira ƙanin, babanku ya sake biyan marayun haƙƙinsu, sannan ya iya barci.

Wancan lokacin zaman lafiya ne. Yanzu fa? Ka san garuruwa nawa suka tashi a ƙasar Zurmi. Mutane sun gudu sun bar gidaje da rumbuna da duk abin da ba ya ɗaukuwa a ka. Motar da ke kan duwatsu a gidan da ba kowa, wa ya ba mai sayarwa izini? Mai ita yana ina? Yana gudun hijira a Kaura ko Gusau, ko yana kabari, ko yana ɗaure a daji ana jiran 'yan'uwansa? Ka nemi mai ita ido da ido, ko magadansa duka, a gaban mai unguwa da shaidu. Ka duba lambar injin da ta shasi su yi daidai da takarda. Ban haife ka don ka hau dukiyar marayu kana yi wa mutane hon ba.

Ka kuma tambayi abin da aka yi da ita kafin a ajiye ta. Wannan ya fi takarda muhimmanci. Irin motar nan ba ta da yawa, kowacce an san ta daga nesa kamar yadda ake sanin mutum da tafiyarsa. In ta taɓa ɗaukar 'yan sa-kai ko sau ɗaya, mutanen daji ba su manta ba, kuma ba za su tsaya tambayar ko ta sake hannu ba.

Bayan an gyara tamu ta yi mana aiki shekara da shekaru. Da ita aka ciyar da ku, da ita aka biya muku makaranta. Amma ka sani, mai irin wannan mota ba shi da ikon kansa. Ranar da ruwa ya yanke hanya, kowa ƙofarka zai buga: mai naƙuda, wanda maciji ya sara, masu gawa. Da abubuwa suka lalace aka fara kawo waɗanda aka harba. Na sha yi wa babanku mita in ya dawo ina wanke jini a bayan mota, ina ce masa mu ba asibiti ba ne. Ba na jin daɗin tuna wannan mitar. Kai ma'aikacin asibiti ne, naka zai fi nasa yawa. In ba za ka iya tashi daga kan abinci ka tafi ba, kada ka saya. In kuma ka saya, kada ka taɓa tambayar mai rauni ɗan wane ɓangare ne a gaban mutane, kuma kada ka ɗauki mai bindiga ko da ɗan'uwanka ne.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna kamannin motar kafin bikin yayarka Hadiza. Farin fentin ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ƙofa ɗaya shuɗiya ce don daga wata motar aka ciro ta, bayanta duk tabon walda. Yaran unguwa suna kiranta Mai Ƙyasfi. Tun daga Kaura har Shinkafi ba wanda bai san ta ba. Mutanen daji ma sun san ta. Sun tare babanku ba sau ɗaya ba, su karɓe wayoyi da abin da ke aljihun fasinja, wani lokaci su sauke buhu, su ce, "Tsoho, wuce da akwalarka." Yakan dawo gida aljihu wayam, amma yakan dawo.

Da bikin Hadiza ya matso, na ce ba za a kai kayan ɗiyata gidan miji a cikin Mai Ƙyasfi ba, dangin ango su yi mana dariya. Na dame shi har ya kai ta wurin mai fenti. Da mai fenti ya kankare, sai ga launinta na asali a ƙasa, kore mai duhu. Ya aiko a tambaya wane launi za a sa. Na je na gani da kaina, na ce a maida ta yadda Allah Ya yi ta, kore.

Babanku ya ce, "Rabi, wanga launi na masu kaki na."

Na ce, "Masu kaki su suka saye kore? Ganyen dalbejiya ma soja ne?"

Ya ce, "Ke kina gida. Ni ka bin hanya."

Na ce masa ai kowa ya san motarsa, fenti ba zai sake mata suna ba. Na ce shekara nawa ina haƙuri da tsummar mota, sau ɗaya dai a yi mini abin da nake so. Na yi fushi na daina yi masa magana sai gaisuwa. Mutum ne da ba ya son fitina a gida. Ranar da ya dawo da ita kore shar, an gyara lanƙwasar jikinta, an sa mata sabuwar rumfa, ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "To ga amaryarki nan, Hajiya. Sai ki fito ki yi guɗa." Na fito, na yi. Maƙwabta suka taru. An kai kayan Hadiza, dangin ango sun yaba, na ji daɗi ƙwarai.

Ba a daɗe ba bayan bikin, ranar kasuwar Shinkafi, ya yi lodin mata 'yan kasuwa da buhunan wake ya kama hanya da hantsi. Kana makaranta a Gusau. An gaya maka ɓarayin daji sun harbe shi a hanya, kuma haka ne. Yadda abin ya faru, Inna Kulu mai daddawa ce ta gaya mini, ita da ke zaune a baya ta tsira da harbi a cinya. Na je duba ta a asibiti bayan an share makoki.

Ta ce ba su tare hanya ba yadda suka saba. Ba wanda ya fito ya ɗaga hannu. Daga cikin sabara kawai ta ji an yi ihu, "Soja! Soja na!" sai harbi ta ko'ina. Babanku bai ko taka birki ba, motar ta gangara ta daki kututture ta tsaya. Da suka matso da bindigogi suna zage-zage, suka ɗaga rumfar, sai suka ga mata da wake. Ta ce ɗaya daga cikinsu ya leƙa gaba ya ga fuskarsa, ya juya ya ce wa sauran, "Kai, ashe tsohon nan na mai akwala. Wa ya ce shi sake mata riga?" Suka kwashe abin da za su kwasa suka tafi. Bayan babanku, mata biyu ne suka rasu a wurin. Ɗaya tana da ciki.

Inna Kulu ba ta san ni na zaɓi launin ba. Tana ba ni labari tana riƙe da hannuna tana ba ni haƙuri.

Na san kwanansa ne ya ƙare, kuma waɗanda suka harbe shi su za su amsa a gaban Allah. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma Allah Ya ba mu hankali mu yi aiki da shi, kuma mutumin da ke bin hanya ya faɗa mini gaskiya na ƙi ji saboda dangin ango. Ba don ka tausaya mini na rubuta maka wannan ba. Na rubuta ne don na ga hotunan da ke wayarka, na ga launin da kake so.

Waɗanda suka gyara motocin da kake kallo, a ƙasarsu ba a harbin mota saboda launinta. Suna gyarawa su fita yawo ranar hutu a ɗauke su hoto. Kai tsakanin Shinkafi da Galadi za ka bi, inda yaro mai bindiga da ƙwaya a kansa yake yanke hukunci daga nesa kafin ya ga fuskarka. Ba zai san kai ma'aikacin asibiti ba ne. Ba zai san mai naƙuda ce a baya ba. Abin da zai gani shi ne koriyar jif mai rumfa tana tahowa.

Saboda haka in Haruna ya duba ya ce ƙashinta da lafiya, in magada sun yarda, in ka bincika ba ta taɓa ɗaukar masu bindiga ba, ka saya. Ban hana ka ba. Ka zuba ƙoƙarinka a inda ido ba ya gani. Ka gyara injin, ka sake birki gaba ɗaya, ka wanke lagireto, ka sa tayoyi masu kyau, don motar da ta mutu maka a tsakiyar daji ta bashe ka. Amma jikinta ka bar shi yadda ka same shi. In ta koɗe, ta zauna a koɗe. In akwai lanƙwasa, kada a buga ta. In tsatsa ta sa dole a shafa wani abu, a shafa jan fentin nan na maganin tsatsa a wurin kawai, ya zauna dabbare-dabbare. In ka kankare ka tarar da kore a ƙasa, ka rufe shi a ranar, kada ta kwana a haka. Fari tas ma ban yarda ba, na manyan ma'aikata ne, a ɗauke ka a nemi abin da ba mu da shi. Kada ka sa baƙin gilashi. Kada ka sa mata ƙarfen kariya a goshi ko ƙarin fitilu ko doguwar eriya. Kada ka rufe bayanta ruf, a bar mutane su ga abin da ke ciki. Ka fara shiga da ita kasuwa da ƙauyuka a hankali, da kai a ciki da rigar aikinka, har a san ta, a san taka ce, a sa mata sunan tsiya. In abokanka sun yi maka dariya sun ce ka sayi akwala, ka yi dariya tare da su.

Na san abin da wannan zai rage maka. Na san ba motar ɗaukar marasa lafiya kaɗai kake so ba, kana so ka ga irin ta babanka ta dawo sabuwa a hannunka. Yaro ne kai mai son abu ya yi kyau, a wurina ka gado. Shi ya sa ban amince da alƙawarin da za ka yi mini da dariya ba.

Tun da na haife ka ban taɓa ɗaura maka magana da haƙƙina na uwa ba. Ka zaɓi makarantarka, ka zaɓi aikinka, ka karɓi Shinkafi da aka tura ka ban ce uffan ba, alhali a kan hanyar nan aka ɗauko mini gawar ubanka. Yau zan ɗaura. Bello, in ka shafa wa motar nan kore, ko ka bari wani ya shafa, ban yafe ba. Na rubuta da hankalina, ba cikin fushi ba, kuma ba zan janye ba.

In ka gama karantawa ka kira ni. Ba saƙo nake so ba, muryarka nake so in ji ka ce ka ji kuma ka ɗauka. Har sai ka kira, ba zan gaya wa Haruna ya shirya tafiya Zurmi ba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya rufe idon azzalumai daga kanka, Ya sa duk hanyar da ka bi ka dawo ta cikinta da ƙafafunka. Allah Ya jiƙan Malam Sani da matan da suka tafi tare da shi, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ka riƙe sallah a kan lokaci, kada ka bi hanya bayan la'asar. Asma'u na gaishe ka, tana tsoron za ka yi fushi da ita.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi
Kaura Namoda